Yadda za ki raini shuka mai ganye kala-kala a zafin Maradi

Mata da yawa suna ganin hoton Heuchera a intanet, wadda Turawa ke kira coral bells, sai ganyenta ja da ruwan goro ya ba su sha'awa. Asalinta Arewacin Amurka ne, ta saba da sanyi da inuwar daji. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40, ba za ta kai labari ba. Shawarata ki nemi koliyas (coleus), wata shukar ado mai ganye kala-kala. Ita daga kudu maso gabashin Asiya ta fito, ta san zafi, kuma adon ganyenta bai gaza na waccan ba.

Da farko ki samu reshe, ko wurin maƙwabciya ko wurin masu sayar da furanni. Ki yanko mai tsawon santimita 10 zuwa 15, daidai ƙarƙashin gaɓa, ki cire ganyen ƙasa ki bar na sama. Ki tsoma shi cikin kwalbar ruwa a inuwa, kina sauya ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi sirara sun tsiro daga gaɓar. Farkon damina, wajen Yuni ko Yuli, ya fi dacewa da wannan aiki.

Sai ƙasa, kuma a nan ne ake yawan yin asara. Yashinmu ba ya riƙe ruwa, laka zalla kuma tana ruɓar da saiwa. Ki haɗa yashi kashi biyu da taki kashi ɗaya. Kashin awaki yana da kyau matuƙa, amma sai wanda ya daɗe ya ruɓe ya koma baƙi yana marmashewa a hannu. Ɗanye ƙona saiwar yake yi. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba, domin ba ta ɗaukar zafi sosai. Ki huda gindinta kafin ki zuba komai.

Ki ajiye ta inda hantsi zai taɓa ta kaɗan, inuwa ta rufe ta tun kafin azahar, kamar gindin dogon yaro ko jikin bangon da ke kallon gabas. Kafin ki ba ta ruwa, ki tura yatsa cikin ƙasar: in ta bushe, ki zuba. A bazara safe da yamma ne, da hunturu kuma ki kare ta daga iska, ki wanke ƙurar ganyen.

Idan ta yi tsawo, ki tsinke kan da farce don ta yi rassa ta cika tukunya. Furen ma ki cire shi da zarar ya leƙo, yana rage ƙarfin ganye. In kin ga ƙananan ƙwari farare kamar auduga a hammatar ganye, ki goge su da ruwan sabulu. Kuma ki ɗora tukunyar inda jar akuyar gidan ba za ta kai bakinta ba.