Darasi na Tara: Gebisa Ejeta da Yaƙin Wuta-wuta

Duk wanda ya taɓa noman dawa ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Furenta ja-ja ne mai kyaun gani, amma kafin ta fito fili ta riga ta gama da shuka a ƙarƙashin ƙasa. Yau za mu karanta labarin wani masanin tsirrai da ya shafe shekaru yana nazarin wannan ciyawa.

Sunansa Gebisa Ejeta. An haife shi a shekarar 1950 a ƙauyen Wollonkomi, a ƙasar Habasha. Babu makaranta a ƙauyensu, don haka yakan taka kilomita 20 a ƙafa ranar Lahadi, ya komo gida ranar Juma'a. Mahaifiyarsa ce ta tsaya kai da fata sai ya yi karatu. Ya gama kwalejin aikin gona ta Alemaya a 1973, ya wuce Jami'ar Purdue a Amurka, ya samu digirin digirgir a 1978 a fannin inganta iri.

Aikinsa na farko babba a Sudan ya yi shi, tare da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa. Can ya haɗa auren dawa iri-iri har ya fitar da Hageen Dura-1 a 1983, mai jure fari. A Nijar ma, aikin da ya yi da masanan ƙasar ya kai ga fitar da irin NAD-1 a 1992. A kula: irin da aka yi wa aure ba a ajiye shi don shukar baɗi, domin 'ya'yansa ba sa biyo shi. Sabo ake saye kowace damina.

To, wuta-wuta fa? Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kamar ƙura. Tushe ɗaya yakan zubar da dubbai, kuma sukan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Me suke jira? Abin da Ejeta ya bi diddigi ke nan bayan ya koma Purdue a 1984, shi da abokin aikinsa Larry Butler. Saiwar dawa tana fitar da wani sinadari a cikin ƙasa. Da ƙwayar ta ji shi, sai ta tsiro, ta maƙale wa saiwar, ta yi ta tsotson ruwa da abinci. In ta tsiro ba ta samu saiwar da za ta kama ba, cikin 'yan kwanaki sai ta mutu.

Da suka gane haka, sai suka ƙirƙiro hanyar gwada iri a ɗakin bincike, suna zaɓen dawar da ba ta cika tada ƙwayar ba. A da sai an shuka a gona an jira damina. A 1994 aka raba tan 8 na irin dawa mai jure wuta-wuta da suka fitar a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar da Sudan da Mali.

An ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, shugaban Amurka kuma ya karrama shi da lambar kimiyya ta ƙasa a 2023. A ganinmu, ɗaliban Afirka da ya horar sun fi lambobin nan nauyi, domin su ne suka koma cibiyoyin bincike na ƙasashensu suna ci gaba da aikin, masana kuma na ɗorawa a kan rubuce-rubucensa.

Shi kansa ya nuna iri kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa da taki da tare ruwan sama a tsakanin kunya, don wuta-wuta ta fi ƙarfi a gajiyayyiyar ƙasa.

Aikin gida: ku zaga gonakinku ku tumɓuke wuta-wuta kafin ta yi 'ya'ya, ku tara ku ƙone, kada ku bar ta a bakin gona. Inda ta yi yawa, baɗi a shuka waken suya ko gyaɗa ko auduga. Saiwarsu na sa ƙwayar ta tsiro amma ba ta iya kama su. Ku tambayi malamin gona wane iri mai jure wuta-wuta ake samu a yankinku, ku rubuto sunansa a littafinku mu karanta a aji.