Masu fassara labarai, ku daina kashe waɗanda ba su mutu ba

Na gaji da ganin wannan ɓarna a shafukan labarai na Facebook. Bature ya rubuta casualties, yaro ya ɗauki waya ya buga "mutum 40 sun rasa rayukansu". Wa ya ce maka sun mutu? Kalmar ta haɗa mamata da waɗanda suka jikkata, a bakin sojoji ma har da waɗanda suka ɓace ko aka kama. A ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1 ga Yuli 1916, an lissafa casualties 57,470 a rundunar Birtaniya, amma 19,240 ne suka mutu. Da kai ne mai fassara a lokacin, da ka binne sama da mutum 35,000 da ke kwance da raunuka.

Abin nan ba na dariya ba ne. Mota ta yi hatsari, ka saki adadi, kafin la'asar an shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, alhali wanda ake wa makokin yana gadon asibiti da karaya. Sai ka goge rubutunka ka yi shiru, kamar ba kai ba. Ni dai "waɗanda abin ya rutsa da su" nake rubutawa, sannan in bi diddigi: nawa suka rasu, nawa suka jikkata.

Death toll shi ne adadin mamata zalla, amma kowane adadi da mai shi. A turmutsutsun Mina na 2015 hukumomin Saudiyya sun tsaya kan 769, kamfanin dillancin labarai na AP kuwa da ya tattara alƙaluman ƙasashen alhazai ya samu sama da 2,400. Ka faɗi wanda ya bayar da adadin da kuma yaushe, ko ka bar shi.

In an ce adadin ya rises to 60, jimilla ce ta kai 60. Na taɓa ganin wani ya rubuta "mutum 60 sun sake mutuwa". Haba malam, sau nawa ake mutuwa?

At least "aƙalla" ce, kada ka jefar da ita. Feared dead fargaba ce kawai, ba a tabbatar ba. Body count kuwa, wato ƙidayar gawarwaki, ku bar wa masu shi, domin a bakin matasan intanet yanzu ma'anarsa ba ta faɗuwa a gaban manya.