Yadda Ake Haɗa Ayarin Masu Ɗaukar Hoto Daga Jigawa Zuwa Damagaram da Agadas

Kusan kowace Alhamis ina kasuwar Maigatari da kyamarata a wuya. Na daɗe ina ɗaukar raƙuman da ake korowa daga arewa, har ranar da na nuna wa wani dattijon Buzu hoton amalensa. Ya duba, ya gyara amawali, ya ce, "Yaro, kullum baƙo kake ɗauka. Yaushe za ka je ka ga gidansu?" Maganar ta tsaya mini a rai. Da hunturu ya kama, mu tara muka tashi daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel, muka yi Damagaram, muka wuce Agadas. Tun da muka dawo samari masu shagon hoto da masu ɗauka da waya suke tare ni da tambayar yadda aka yi. To ga shi.

Mataki na farko: a raba aiki tun a gida

Kakanninmu fatake ba sa tashi kara zube. Ayarinsu yana da madugu mai yanke magana, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai riƙe kuɗi da biyan fito, da malamin ayari. Tsarin nan bai tsufa ba. Ku zauna a zaure ɗaya, ku naɗa madugu, kuma kada ya zama wanda ya fi kowa iya hoto, don shi idan ya ga haske mantawa yake da mutane. Ku ba mutum ɗaya jakar kuɗi da littafi. Ku sami dattijo ko ɗaya a cikinku. Mu Baba Alhaji muka ɗauka, ƙanen mahaifina, wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, amma furfurarsa ta buɗe mana ƙofofi da yawa.

Kada ku wuce mutum goma. Fiye da haka, kun zama 'yan rakiyar amarya, kowane lungu kuka shiga sai yara sun cika shi. Idan akwai mata a tafiyar, da amincewar gidajensu da muharraminsu, ku gode wa Allah: su kaɗai za su shiga cikin gida su ɗauko abin da namiji ba zai taɓa gani ba. Kuɗin kuma adashe muka yi na wata shida, muka ware kashi ɗaya cikin biyar ba a taɓa shi sai ta ɓaci.

Mataki na biyu: jagaba

Nan ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace, don haka zan daɗe a kai. Jin Hausa yana ruɗar mu. Ka tsallaka iyaka ka ji kowa na yi maka Hausa, har gwamnatin Nijar ta ayyana ta harshen ƙasa a 2025, sai ka ɗauka gida kake. A Damagaram kusan haka ne. Daga Tanut zuwa sama ƙasa ta canza, mutane sun canza, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Jagaban da kuke nema ɗan yankin ne, mai jin Hausa da Buzanci, mai ɗan Faransancin da zai karanta takarda a shingen jandarma, kuma mai rajista da hukumar yawon buɗe ido ta can. Kada ku ɗauki mutum don kun ga hotunansa a Facebook. Ku bi ta hannun wanda ya san shi: dillalin raƙuma a Maigatari, ko fatomar da Buzaye ke sauka gidansa, ko direban da ke bin hanyar. Idan kun same shi ku kira shi a waya gaban kowa, ku yi masa tambayoyi masu ƙaiƙayi. Ina za mu kwana kowane dare? Mota nawa, ta wa? Idan ta mutu a daji wa zai zo? Abinci da mai suna cikin kuɗin ko namu ne? Wanda ya amsa komai da "ba matsala" ku yi masa godiya ku nemi wani. Namu da na ce ina son mu kwana cikin yashin Tenere, cewa ya yi, "Malam, bana ba a zuwa can." Na ji haushi a lokacin. Wannan kalmar ce kuma ta sa Baba Alhaji ya ce shi za mu ɗauka.

Ba zan ɓoye muku ba, arewacin Nijar ba wurin gangancin samari ba ne. A 2025 an sace mata biyu Turawa a cikin garin Agadas kansa. Fita daga gari zuwa duwatsun Abzin ko cikin Tenere sai da izinin hukuma, sau da yawa har da rakiyar soja. Idan jagaba ya ce a tsaya a Damagaram, a tsaya. Garin ya ishi kyamara mako guda. A rubuta yarjejeniya, a ba da rabin kuɗi, ragowar sai an dawo.

Mataki na uku: lokaci

Nuwamba zuwa Fabrairu. Afrilu da Mayu zafin Agadas yana haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne kuma. Mai son biki yana da zaɓi biyu: Biyanu na Agadas a watan Muharram, ko taron gishiri na Ingal a ƙarshen damina, wajen Satumba, inda Buzaye da Bororo ke haɗuwa da dabbobinsu. Tafiyar farko dai ni ban ba da shawarar biki ba. Masauki yana tsada, kowa yana sauri, ba mai zama ya yi hira da kai.

Mataki na huɗu: takardu da kuɗi

Kowa ya riƙe fasfo mai rai, da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar rigakafin shawara. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi, don sai bayan nan katin yake aiki. Mu da muka saba tsallakawa cin kasuwa da katin ɗan ƙasa ko ma ba komai, mu sani tafiya mai nisa da kyamara daban ce. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka na watanni, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, dokar bakin iyaka tana yawan sauyawa. Mako ɗaya kafin tashi madugu ya je tasha ya ji ta bakin direbobi, ya kuma kira jagaba. Ku rubuta sunan kowace kyamara da lambarta a takarda ɗaya, saboda 'yan duwan, wato kwastan na can.

Ku canza naira zuwa sefa tun a Maigatari, ku nemi ƙananan takardu da sulalla. Sannan ku koyi lissafin can kafin ku sha kunya. Da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari 500, jika ɗaya 1,000. A tashar Damagaram wata yarinya mai fura ta ce da Baba Alhaji dala arba'in. Ya ajiye ludayi ya ce, "'Yar nan, furar da zinariya aka dama ta?" Shi dalar Amurka ya ji. Har muka dawo ana tsokanarsa.

Mataki na biyar: hanya da zango

Mutanen Gumel ta Maigatari muke fita. Na Babura sukan bi ta Babban Mutum zuwa Magarya, na Kano kuma ta Daura da Kwangwalam zuwa Matamaye, kimanin kilomita 240 daga Kano zuwa Damagaram. Daga nan zuwa Agadas kusan 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat, kuma hanyar tana cin yini. Ba a tafiyar dare.

Ku ba Damagaram kwana uku. Nan ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Safiyar farko ku je tsohuwar unguwar Birni ku yi gaisuwa a fadar Sarkin Damagaram, ginin da ya faro tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu. A cire takalmi, a bar dattijo ya yi magana, a riƙe ɗan goron dogarai. Sai an ce ku ɗauka sannan ku ɗauka. Da yamma ku hau duwatsun da ke tsakiyar gari, washegari ku shiga unguwar Zango, wurin gidajen fatake masu zanko da zanen dagi a fuska, ku ƙare a Kasuwar Dole.

A Agadas idonka zai fara sauka kan hasumiyar babban masallaci, ta ƙasa zalla, tsayin mita 27, itatuwa sun fito a jikinta kamar ƙaya. An gina masallacin a 1515, aka sabunta shi a 1844, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Fadar Sarkin Abzin tana nan kusa. Ku nemi maƙeran azurfa, ku nemi kasuwar dabbobi da sassafe, ku nemi inda ake sauke kantun gishirin Balma.

Mataki na shida: kaya

Ƙura ce abokiyar gaba. Kowace kyamara ta kwana cikin leda mai zif, kuma kada a canza gilashi a fili idan iska na kaɗawa. A shiga mota, a rufe ƙofa. Ni na yi wannan gangancin a kasuwar raƙuma, duk hotunan yinin suka fito da ɗigo uku a sama. Ku riƙe batir biyu-biyu, katin ajiya fiye da ɗaya, da abin cajin tafi-da-gidanka. Soket ɗin can mai rami biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai uku ba, don haka a sayi mahaɗi. Bargo da rigar sanyi wajibi ne, sanyin asubar Agadas ya fi na Gumel cizo. Rawani ya fi hula amfani. Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama kuwa, ku bar shi a gida. Soja, shinge, bariki, filin jirgi, ko da wasa kada a ɗaga musu waya.

Mataki na bakwai: yadda ake neman hoto

Dokar ayarinmu ɗaya ce: kyamara ce ƙarshen fitowa daga jaka. Ka yi sallama, ka zauna, ka tambayi iyali da dabbobi da ruwa. Idan aka ɗora shayi, zagaye uku ne, kuma ba a tashi a na farko. Mukan riƙe sukari da ganyen shayi mu ajiye wa mai gida, ya fi miƙa kuɗi mutunci.

A bakin wata rijiya kafin Adarbisanat muka tarar da wani dattijo yana shayar da raƙuma, rawaninsa baƙi wuluk yana ƙyalli, shunin ya rine masa goshi. Wani ƙanenmu ya ɗaga kyamara daga nesa, dattijon ya juya baya kawai. Baba Alhaji ya ƙarasa, ya yi sallama, ya kama igiyar guga suka ja tare. Can ya ce, "Malam, wannan turkuɗin ai ɗan Kura ne." Dattijon ya saki igiya. Ashe ya san Kura ta Kano da baki, ya san can ake rina shi a buga shi, bai dai taɓa zuwa ba. Muka fi awa guda a gindin ƙaya. Da za mu tashi shi da kansa ya ce a ɗauke shi, amma a jira ya gyara amawali, don Buzu ba ya buɗe bakinsa gaban baƙo, kada ma ka roƙe shi.

Wanda ya ce a'a, saboda addini ko don ra'ayinsa, an gama. Mace sai da yardarta da ta gidanta, yaro sai da ta babba. Kada mutum tara su yi wa mutum ɗaya zobe. Biyu su ɗauka, saura su yi hira. Wanda kuka ɗauka ku nuna masa, ku gaya masa idan intanet za ku sa.

Haske kuma daga fitowar rana zuwa hantsi ne, sai la'asar sakaliya zuwa almuru. Tsakar rana a yi ƙailula a goge kaya. Farin yashi yana yaudarar kyamara ta rage haske, fuskar da ke ƙarƙashin baƙin rawani ta fito duhu, don haka ka auna hasken a kan fuska, ko ka ƙara shi kaɗan da hannu. Mai waya ya danna fuskar a allo kafin ya ɗauka. Hazo ma kada ku tsane shi. Ranar da buji ya rufe Agadas na sami hoton hasumiyar da na fi so, rana ta zama kamar faifai fari a bayanta.

Mataki na takwas: a mayar da hoto

Kowane dare a kwafe hotuna wuri biyu, madugu ya rubuta sunan gari da na wanda aka ɗauka. Da kun dawo ku wanke na mutanen, ku sa musu leda saboda ƙura, ku rubuta sunan rijiya ko unguwa a baya. Ba sai kun nemi gidan waya ba, masu raƙuma suna zuwa Maigatari duk Alhamis. Na dattijon bakin rijiya ta hannun wani mai koro raƙuma na aika. Bayan kamar wata biyu ina tsaye a kara sai ga mutumin da ƙullin cuku a tsumma. Ya ce dattijo yana gaida Alhaji, kuma a ƙaro masa guda, na farkon uwargida ta karɓe ta sa a akwatinta.