In ka je Montevideo, babban birnin Uruguay, fara da gidan tarihin Gaucho kafin kasuwa

Jama'a ga wata 'yar dabara. Kar ka sayi tsaraba a Uruguay sai ka fara leƙa gidan tarihin Gaucho da Kuɗi na bankin Banco República da ke Montevideo, shiga kyauta ne.

Gaucho su ne makiyayan shanu masu hawan doki na can. Za ka ga linzami da likkafa na azurfa, da wuƙarsu facón, da ɗamarar fata da aka jera wa tsabar kuɗin azurfa, wallahi sai da na tuna kwalliyar dawakan hawan sallah. Tsaya ka ƙare wa aikin kallo sosai, idonka ya saba da na gaske.

To ran Lahadi in ka shiga kasuwar Tristán Narvaja, aka miƙo maka ƙoƙon shan mate (shayin ganyensu na can) da bututunsa ana cewa azurfa ne, juya shi ka nemi hatimin 900 ko 925, alamar azurfar gaske, don da yawa wani farin ƙarfe ne da ake kira alpaca, kama kawai yake da azurfa, kuma kuɗinsa bai kai ba.

Amma fa tsofaffin kaya wasu ba su da hatimi, nan dabarar ba ta ci. Bayanan gidan tarihin kuma da Sifaniyanci suke, sauke manhajar fassara tun daga masauki.