Masu shan koren shayi, a kula

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu ƙarancin jini da masu juna biyu, don Allah a daina kora abinci da koren shayi, har da ataya, don shi ma ganyen ne. Yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe na cikin wake, zogale da alayyafo. A bari awa 1 ko 2 ta wuce tukuna, haka ma bayan shan maganin ƙarin jini.

Ƙwayoyin rage ƙiba na koren shayi kuwa, a yi hattara. A 2018 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 800 na EGCG, wani sinadari da ke cikin koren shayi, kullum na iya taɓa hanta. Kofin shayi bai kai ko kusa ba, amma ƙwaya sai an duba kwalinta.