Kurakuran da aka fi yi wajen ƙawata ɗaki a Zariya, da yadda ake gyara su

Kwanaki na raka 'yan jeren wata ƙanwata zuwa Gyallesu. Tun da hantsi motar kaya ta iso: gado shida-da-bakwai, durowa biyu na gefen gado, sif mai ƙofa shida, ga madubi. Ɗakin kuwa ƙafa 12 ne a kan 12. Da la'asar sai ga kafinta yana sosa ƙeya, domin ƙofar sif ba ta gama buɗuwa sai ta daki gado. Gwaggonmu ta dube shi ta ce, "Malam, wai ba ka auna ɗakin ba ne?" Ya ce, "Hajiya, hoto aka turo mini a waya, aka ce in yi irinsa sak."

Kusan duk kuskuren da nake gani daga wannan hoton yake farawa. Ɗakin da aka ɗauka a Instagram ko TikTok, sau da yawa na Dubai ne ko Turkiyya, inda babu ƙurar hunturu, ba a ɗauke wuta, kuma ba a taruwa a ƙasa a ci tuwo. Lissafin ɗakin ƙanwata mai sauƙi ne: faɗin gado 6, durowa biyu kusan 3, zurfin sif 2, an ci 11, saura ƙafa ɗaya tak. Kafin a biya kafinta kafin alƙalami, a ɗauki tef a auna ɗakin, a zana wurin kowane kaya a ƙasa da alli, a bar aƙalla ƙafa biyu da rabi na wucewa. In ɗaki ƙarami ne, a yi sif mai ƙofar da ake turawa gefe. A auna ƙofar shiga ma. A cikin Birni, inda lungu ke da matsi kuma ƙofar zaure gajera ce, na sha ganin an kwance kujera sabuwa fil kafin ta shiga gida.

Sai fiyofi (POP), wato adon silin na farar filasta, wanda yanzu ko shago ne sai an yi masa. Kyau kam yana da shi, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi a silin alhali kwanon da ke samansa yana da ramukan ƙusa tun shekarun baya. A rani ba a ganin komai. Ruwan Agusta na sauka sai tabo mai launin shayi ya fito, daga nan ya tsage, wani lokacin ya rufto. Fenti ba ya rufe wannan tabon, ko sau nawa aka shafa zai dawo. Sai an hau sama an gyara yoyon, wurin ya bushe, a kankare, sannan a gyara. Wanda zai yi sabo, ya bari rufin ya sha ruwan damina ko da sau biyu ne ya ga inda yake ɗiga.

Akwai kuma zancen tsawo. Gidajenmu da yawa ƙafa 9 ne ko 10 daga ƙasa zuwa silin. In aka sauko da fiyofi hawa biyu ko uku, sannan aka rataya fanka, sai ka ga dogon mutum yana sunkuyawa in zai sa babbar riga. Fukafukan fanka su kasance aƙalla ƙafa 7 daga ƙasa, kuma ƙugiyarta a jikin katakon rufi ko kankaren rufi za a ɗaure ta, fiyofi ba ya riƙe nauyi. Mai wayarin ya gama aikinsa kafin mai fiyofi ya shigo, har da wayar sola ko da ba a sayi batir ba tukuna, in ba haka ba sai an fasa abin da aka biya. Wannan ramin da ake bari a gefe don ɓoye fitila kuwa, ni dai ba na ba da shawararsa a Zariya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya zama ma'ajin ƙura da yanar gizo, kuma ba mai hawa ya share.

Rima ita ce ta fi ɓata wa mutane kuɗi a ɓoye. Gidan da ba a shimfiɗa leda a harsashinsa ba, danshi yana hawowa ta ƙasan bango, fenti ya yi ta kumbura yana zuba kamar gari. Abin da aka saba shi ne a lulluɓe wurin da takardar bango ko allunan roba masu tudu-tudu. Danshin bai tafi ko'ina ba, an dai hana shi fita. Bayan damina ɗaya sai wari, baƙin fumfuna a bayan takarda, gara kuma ta samu gida. A fara duba waje: ina ruwan indararo yake zuba, shin yana kwanciya a gindin bango? A yi masa hanya, a kankare filastar da ta ruɓe, a sake da siminti mai maganin ruwa. Sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu kafin fenti, amma saboda ranar biki ta matso sai a shafa bayan kwana uku. Kayan katakon MDF ma kada a manna su da irin wannan bango, suna shan danshi su kumbura, kuma in sun kumbura ba sa komawa. A ɗaga su a kan ƙafafu, a bar tazarar yatsu uku.

Tayil mai sheƙi kamar madubi yana burge baƙo, amma mu masu alwala sau biyar ne, ƙafa a jiƙe take fitowa daga bayi. A bayi da baranda da kicin a sa mai kaushi, musamman gidan da ke da tsofaffi. A ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka auna, don in ka koma Sabon Gari bayan wata shida da wuya ka samu irin launin.

Kujeru kuma sai an cika saiti mai cin mutum bakwai ko da falon bai kai ba, a dasa teburin gilashi a tsakiya. Ranar suna ko gaisuwar salla sai a rasa inda za a shimfiɗa tabarma, mata su koma tsakar gida. Doguwar kujera ɗaya da ƙanana biyu, da tum-tum, da fili a tsakiya, sun fi amfani. Karan-miski da farin yadi ba na gidan yara ba ne. Labule ma a zaɓi wanda za a iya cirewa a wanke a bahon gida, kuma kada a toshe taga da shi gaba ɗaya, domin zafin Maris da Afrilu yana nan zuwa. Kafet daga bango zuwa bango ya fi komai riƙe ƙura. Na tsakiya da za a naɗe a kakkaɓe ya wadatar.

Fitila ba sai an yi ashirin a silin ba. Kwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon kwai mai wat 60 ke bayarwa, amma in sun yi yawa inbata ce ke ji a jikinta. A raba su a makunni biyu ko uku. Fari tas, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, na kicin ne da wurin karatu. Falo da uwar ɗaka sun fi daɗi da 3000K, mai ɗan ja-ja. Shuɗi da kore masu walƙiya a bar wa masu gidan biki.

Shekarun nan kowa toka-toka da fari yake shafawa, har gidaje suka koma kamar ofis. Yanzu yayi ya juya zuwa launukan ƙasa. Kamfanin Pantone, wanda kan zaɓi launin shekara, ruwan ƙasa ya zaɓa wa shekarar 2025, ya kira shi Mocha Mousse. Na yi dariya da na gan shi, don launin bangon da aka yi wa makuba ne a Ƙofar Doka. Kayan saƙa, tukwane, faifai da ƙwarya duk sun dawo bango a ƙasashen waje, mu kuma muna sayen furen roba daga Sin. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830, garin da ƙofar fadarsa ke ɗauke da zanen da ake zuwa ɗauka hoto, bai kamata ya rasa abin kwaikwayo ba.

Sai dai nan ma ana zarcewa. Na shiga wani falo a Samaru, dagi a silin, dagi a labule, dagi a filon kujera, har ido ya rasa wurin hutawa. Bango ɗaya ya isa, sauran a bar su fili. Kafin a sayi bokitin fenti, a shafa ɗan kaɗan a bangon, a duba shi da safe, a duba da azahar, a sake dubawa da dare a hasken fitilar da za a riƙa kunnawa. Inda yara ke taɓawa a sa fentin da ake kira satin, shi ne ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Ɗakin ƙanwata dai a ƙarshe durowa ɗaya aka fitar, kafinta ya cire ƙofa biyu daga sif ya mai da wurin kantar ajiye kaya. Durowar tana ɗakin Gwaggo a Tudun Wada, ta ɗora rediyonta a kai.