Yadda Ake Auna Ƙura da Hayaƙin da ke Cikin Iskar Unguwa da Na'urar Hannu

Da zarar hunturu ya sauka a Kano, ba sai an gaya wa kowa cewa iska ta ɓaci ba. Hazo ya rufe gari, ƙura ta taso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga hayaƙin janareta da na A daidaita sahu da na bolar da aka cinna wa wuta. Amma idan kana so ka san yawan abin da ake shaƙa a layinku, har ka iya nuna wa hukuma, to sai da lamba. Samun lambar ba wuya. Samun wadda za a yarda da ita shi ne aikin.

Da farko ka san abin da kake nema. Ƙurar da ake aunawa iri biyu ce. Akwai PM10, mai ɗan kauri, irin wadda hunturu ke kwasowa. Akwai PM2.5, wadda ta fi gashin kai siranta kusan sau 30, kuma ita ce mafi hatsari domin tana wucewa har can ƙuryar huhu. Sai iskoki masu guba: kabon monoksaid, wanda ba shi da launi ba shi da wari, da naitirojin dayoksaid da ke fitowa daga salansar motoci da janaretocin dizal. Na'ura ɗaya ba ta auna komai da komai, don haka ka duba takardarta kafin ka biya kuɗi.

Mataki na biyu, zaɓen kayan aiki. Mafi sauƙi ita ce ƙaramar na'ura mai hasken leza: fanka ce a ciki ke zuƙo iska, hasken ya ƙirga ƙwayoyin ƙura, nan take ka ga lamba. Ta gas kuwa tana da wasu ƙananan ma'auni da ke tsufa, yawanci bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sauya su. Wanda ke son sakamako mai nauyi, kamar ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, famfo mai filta zai nema, wato injin da ke zuƙo iska ta cikin matata mai kama ƙurar. Ka haɗa da ƙarin batiri, da littafi da biro, da wayar da za ta ba ka lambobin wurin a taswira.

Na uku shi ne inda mutane suka fi yin ɓarna: wurin ajiyewa. Ka ɗora na'urar a tsayin hancin mutum, wajen mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, a fili inda iska ke kai da kawowa. Kada ka manna ta da bango, kada ka sa ta ƙarƙashin bishiya, kada rana ta dake ta kai tsaye. Kuma ka dubi kewayenka da kyau. Ni kaina na taɓa kafa tawa a bakin wata kasuwa da yamma, na ga lamba tana hawa kamar farashin shinkafa, har na fara tunanin na gano babban abu. Da na waiwaya, ashe mai tsire ne ya hura wuta a bayana, bai fi taku biyar ba, iska kuma tana kaɗo hayaƙin kai tsaye. Abin da na auna a ranar tukubarsa ce, ba iskar kasuwa ba. Idan tukubar kake son aunawa, babu laifi, amma ka rubuta hakan. Idan unguwa kake nufi, ka matsa nesa.

Yana da kyau ka ɗauki wuri biyu aƙalla: ɗaya inda kake zargi, misali kusa da masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko wata mahaɗar titi mai cunkoso, ɗaya kuma a cikin unguwa mai natsuwa. Sai da kwatance ake gane ko matsalar ta wurin ce ko ta gari ce baki ɗaya.

Na huɗu, ka kunna ka jira. Ma'aunin gas yana bukatar lokaci kafin ya daidaita, lambobin farko ba abin dogaro ba ne. Kada ka tsaya kana numfashi a bakin na'urar, balle shan taba. Yara za su taru, wannan dole ne, sai ka lallashe su su ja baya, domin ƙurar ƙafarsu ma tana shiga lissafi.

Na biyar, lokaci. Awo na minti biyar ba awo ba ne. Da asuba lokacin sanyi, hayaƙi yakan kwanta kusa da ƙasa ya ƙi tashi, da rana ta take sai ya watse, da magariba kuma a kunna janareta da murhu ya dawo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take magana kan matsakaicin awa 24. A ƙa'idojinta na 2021, PM2.5 bai kamata ya wuce maikirogiram 15 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace kyubik mita ta iska ba, PM10 kuma 45, naitirojin dayoksaid 25. Kuskure ne babba ka ɗauki lambar daƙiƙa ɗaya ka gwada da waɗannan. Idan ba za ka iya barin na'urar ta kwana ba, ka auna safe da rana da dare a lokuta iri ɗaya na kwanaki da dama.

Ga mai famfo da filta, aikin na haƙuri ne. Ana auna nauyin filtar a ɗakin gwaji da sikeli mai tsananin ji kafin a fita da bayan an dawo, kuma da matsefata ake ɗaukarta, ba da yatsa ba. Ka tabbatar da gudun famfon a farko da ƙarshe. Lissafin kuwa ga shi: famfon da ke jan lita 5 a minti, cikin awa 24 ya ja lita 7,200, wato kyubik mita 7.2. A ce filtar ta ƙara nauyin maikirogiram 720, ka raba da 7.2, ka sami maikirogiram 100 a kowace kyubik mita. Ka riƙa tafiya da wata filtar da ba za ka ja iska da ita ba, ta je ta dawo kawai. Idan ita ma ta yi nauyi, to datti na shiga ta wata hanya.

Abu na ƙarshe, littafin nan. Rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, inda iska ta dosa, ko akwai hazo, ko an yi ruwa, ko wani na ƙona taya a kusa. Da damina ka ƙara kula, domin laima tana kumbura ƙwayoyin ƙura, na'urar leza ta ba da lambar da ta zarce ta gaskiya. Da hunturu kuma, irin waɗannan na'urori masu araha ba su cika ganin ƙura mai kauri da kyau ba, kuma tana toshe musu baki, sai ka riƙa sharewa da busasshen burushi mai laushi. Idan ka sami dama, ka ajiye taka kusa da ta wata jami'a na 'yan kwanaki ka ga bambancinsu. Ranar da za ka kai ƙorafi ma'aikatar muhalli ta jiha ko ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ka tafi da littafin da hotunan inda ka kafa na'urar, domin tambayar farko da za a yi maka ita ce a ina ka auna, kuma na tsawon wane lokaci.